Kada A Rushe Shaida: Kira A Kan Tsohon Garin Lokoja



Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Kaduna ko Abuja zuwa Kudu ya san Lokoja, ko Lakwaja kamar yadda tsofaffinmu suke kiranta. A nan direba yakan tsaya ya sha mai, fasinja su sauka su ci abinci, su sayi busasshen kifi, sa'an nan kowa ya koma kujerarsa a ci gaba da tafiya. Dubban mutane suna wucewa kowace rana, amma mutum nawa ne a cikinsu suka taɓa karkata su shiga tsohon gari, wanda yake kwance tsakanin Dutsen Patti da bakin kogi? Mu kanmu da muke wannan rubutu mun sha wucewa ba mu leƙa ba, shi ya sa ba mu cire kanmu daga cikin waɗanda maganar ta shafa ba.

Matsayinmu a fili yake. Tsohon garin Lokoja amana ce a hannun mutanen Arewa duka, Kirista da Musulmi, kuma abokan gaba biyu ne suke jiransa. Na farko shi ne sakaci, wato a bar gini ga damina da gara har ya faɗi da kansa. Na biyu shi ne tunanin nan da ya kama garuruwanmu, cewa ba a raya gari sai an shigo da katafila an share tsoho an jera shaguna. Mun ƙi duka biyun, kuma za mu faɗi dalilanmu.

ABIN DA YAKE KWANCE A WURIN

Lokoja tana inda Kogin Kwara da Kogin Binuwai suka haɗu. A shekarar 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa su hau Kwara da nufin yaƙi da cinikin bayi, suka kafa gonar gwaji kusa da mahaɗar. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, gonar kuma ta watse. Amma a cikin jiragen nan akwai mutum biyu da ya kamata kowane mai karanta Hausa ya san sunansu: Rabaran Schön, Bajamushe, wanda daga baya ya buga ƙamus na Hausa a 1876, da Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, wanda aka kama shi bawa yana yaro, aka 'yanta shi aka kai shi Saliyo.

A 1854 Dokta Baikie ya jagoranci wata tafiya ya hau Binuwai, ya riƙa ba mutanensa kwinin kowace rana, suka koma babu wanda zazzaɓi ya kashe. Bayan jirginsa na biyu ya fashe kusa da Jebba a 1857, ya zauna a wurin da ya zama Lokoja, a ƙarƙashin inuwar Etsu Nupe Masaba. Ya buɗe kasuwa, ya yi wa mutane magani, ya juya wasu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ya rasu a Saliyo a 1864 a kan hanyarsa ta komawa gida. A wannan shekara ce aka naɗa Crowther bishop a Ingila, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ikilisiyar Angilika. Aikin mishan na Lokoja da makarantar Holy Trinity, wadda ake lissaftawa a matsayin firamare ta farko a Arewacin Nijeriya, sun fito ne daga hannunsa. A harabar makarantar ne Ƙarfen 'Yanci yake, wanda mutanen gari suke ba da labarin cewa bawan da ya taɓa shi ya fita daga bauta. A Lokoja kuma Rabaran J. A. Robinson ya yi aikin juya Bisharar Matiyu zuwa Hausa kafin ya rasu a 1891. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, amma wasu daga cikin saiwoyinsa a bakin wannan kogi suke.

Kamfanin Royal Niger ya mai da garin sansaninsa. Ranar 1 ga Janairu, 1900, a Lokoja Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila, mulkin mallaka na Arewa ya fara. Nan kuma Turawa suka riƙa kawo sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, a Lokoja ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau, da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi mai waƙoƙi, da Etsu Nupe Abubakar, duk nan aka kawo su, kaburburan sarakunan kuwa suna cikin garin. Akwai maƙabartar Turawa, da ginin tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a Kamaru da Gabashin Afirka, da gidan hutawar Lugga a kan Patti, da gidan adana tarihin mulkin mallaka. Nufawa da Oworo da Basa da Igala da Igbira da Kakanda da Yarbawa da Hausawa sun zauna tare a garin tun kaka da kakanni, sarautar garin ma sunan Hausa take ɗauke da shi, Maigarin Lokoja. Ku nuna mana wani gari a Arewa da ya tara wannan duka a wurin da mutum zai iya zagawa a yini ɗaya.

YADDA CIKIN GARI YA YI SANYI

Kogi ne ya haifi Lokoja, ranar da aka daina bukatar kogi kuwa garin ya fara ramewa. Lugga bai daɗe ba ya mai da hedkwata Jebba, daga nan Zungeru a 1902, daga baya Kaduna. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya bi ta Baro da ta Jebba, bai taɓa Lokoja ba. Gyaɗa da auduga da fatu da dā suke gangarowa ta ruwa suka koma kan jirgin ƙasa, bayan haka suka koma kan manyan motoci. Da aka gina gadar Murtala Muhammad a kan Kwara, matafiyi ya daina jiran jirgin fito. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo Lokoja ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, hedkwatar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ma a garin take, amma har yau galibin kaya a kan tirela suke wucewa.

A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kogi, Lokoja ta zama babban birni. Alheri ne, gama ma'aikata sun zo, an gina ofisoshi da gidaje, jami'ar tarayya ta biyo baya a 2011. Sai dai abin da yake faruwa a kowane gari da ya samu irin wannan ɗaukaka shi ne, sabon kuɗi yakan bi bakin babbar hanya da sababbin unguwanni, tsohon gari ya zama wurin waɗanda ba su da halin tashi. Sa'an nan ga ruwa. Ambaliyar 2012 ta yanke hanyar Abuja ta shanye unguwannin bakin kogi, ta 2022 ta maimaita. Gidan da ruwa ya kwana a cikinsa sau biyu, mai shi kuwa ba shi da kuɗin gyara, ba ya bukatar kowa ya rushe shi.

Ba mu kawo wannan domin kuka ba. Mun kawo shi domin a gane cewa tsofaffin gine-gine ba su ne suka kori ciniki daga cikin gari ba. Dogo da kwalta ne suka ɗauke shi. Saboda haka wanda ya ce maganin ciwon shi ne a rushe gine-ginen, bai duba inda ciwon yake ba.

MASU CEWA KAYAN TURAWA NE

Hujja ta farko da muke ji ita ce, me zai sa mu ɓata kuɗi a kan gidajen waɗanda suka mallake mu? Mun fahimci zafin da yake bayan wannan magana, kuma ba mu zo mu wanke Lugga ba. Sojojinsa sun zubar da jini a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903, da Satiru a 1906. Amma muna tambaya: wanda aka zalunta, yakan ƙone takardar shaidar zaluncin? Kabarin Sarki Alu a Lokoja, nesa da Kano, ya fi kowane malamin makaranta iya bayyana wa yaro abin da ake nufi da mulkin mallaka. In kabarin ya ɓace cikin ciyawa, ba Lugga ne ya yi hasara ba.

Ban da haka, wa ya ce na Turawa ne? Su wa suka haƙa tushe, suka ɗauko dutse, suka sare itace? Su wa suka tuƙa kwalekwale, suka yi tafinta, suka koyar a aji? Malaman da Crowther ya kafa a bakin Kwara baƙaƙe ne, yawancinsu 'yantattun bayi ne ko 'ya'yansu daga Saliyo. Sojojin da aka gina wa wurin tunawa, akasarinsu 'ya'yan ƙasar nan ne. Bature ya sa hannu a takarda ya koma gida, guminmu ne ya rage a bango.

Muna kuma gargaɗin masu son garin kada su cika shi da tatsuniya. Ana yawan gaya wa baƙi cewa a kan Dutsen Patti Flora Shaw ta tsaya ta hangi kogi ta raɗa wa ƙasar suna. Abin da yake tabbatacce shi ne ta ba da shawarar sunan Nijeriya a jaridar Times ta Landan a watan Janairun 1897, ta auri Lugga a 1902. Gaskiyar Lokoja ta ishe ta, ba ta bukatar ƙari.

MASU CEWA TARIHI BA YA CIKA CIKI

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin masu faɗinta talakawa ne irinmu. Suna cewa matasa ba su da aikin yi, a bar mu da labarin matattu, a gina shaguna a samu haya. To, bari mu yi lissafi kamar 'yan kasuwa.

Mun ga yadda ake wannan raya gari a wurare da yawa a Arewa. Ana tashin tsohuwar kasuwa a kai ta bayan gari. Ana rushe rumfuna a gina shagunan siminti masu hawa biyu, a sa musu kuɗin da mai tallan kifi ko mai ɗinkin hula ba zai iya biya ba. Masu hali su sayi shago goma su rufe suna jiran tsada. Mai ƙaramin jari ya koma bakin titi da tire a kansa, hukuma ta bi shi da kora. Mai saye kuwa ya ƙi zuwa sabuwar kasuwa domin kuɗin mota ya fi ribar. A ƙarshe sabuwa ba ta cika ba, tsohuwa ta mutu. Wane ne a cikin masu karatunmu bai san irin wannan kasuwa a jiharsa ba?

Gyara kuwa wata hanya yake bi. Kuɗin rushewa da sabon gini yakan tafi wurin ɗan kwangila da dillalin siminti da rodi. Kuɗin gyara yakan tsaya a hannun magini da kafinta da maƙeri da mai fenti na unguwa, gama aiki ne na hannu, ɗaki bayan ɗaki, mai gida ma ba ya bukatar tashi. Tsohon sito a bakin ruwa, in an canza masa kwano an ja masa wuta, zai iya zama wurin ajiye kifi, ko ɗakin koyon ɗinki da kwamfuta, ko masaukin ɗalibai, a kan kuɗin da bai kai na sabon gini ba. Haya mai sauƙi ita ce take riƙe mai ƙaramin jari, masu ƙaramin jari kuwa su ne suke cika titi da rai.

Ba za mu ruɗe ku da cewa 'yan yawon buɗe ido za su cika garin da dala ba. Agadas a Nijar ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, da hasumiyarta ta ƙasa mai tsawon mita 27, amma rashin tsaro ya rage mata baƙi ƙwarai. Abin da ya riƙe tsohon garin Agadas shi ne mutanensa suna kwana a cikinsa, suna yaɓe shi, suna ciniki a lungunansa. Lokoja kuwa tana da abin da Agadas ba ta da shi: babbar hanyar ƙasa tana bi ta ƙofarta. Ba sai an jira Bature ba. In ko kaɗan daga cikin masu wucewa suka sami alamar hanya, da wurin ajiye mota, da bakin ruwa mai tsabta inda za a zauna a ci kifi ana kallon mahaɗar koguna biyu, mai abinci da mai kwalekwale da mai achaba duk sun samu. Makarantun Kano da Zariya da Bidda kuma suna da dalilin kawo yara su ga inda sarakunansu suke kwance.

MASU CEWA TSOHON GINI HATSARI NE

Wannan hujja ba abin wasa ba ce. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, ya rufta a kan masu salla, aka rasa rayuka, muka yi juyayi tare da maƙwabtanmu. A daminar 2024 tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Ran mutum ɗaya ya fi kowane bango daraja, kuma ba za mu taɓa cewa a zauna a ƙarƙashin rufin da ya tsage domin tarihi ba.

Amma darasin da muka ɗauka shi ne a duba gini kafin damina, a toshe ɗigo tun yana ƙarami, a share indararo da magudana, a rufe wurin da ya nuna alama har a gyara. Sabon gini ma yana faɗuwa, mun sha jin labarin benaye na siminti da suka rufta a Legas da Abuja da Jos tun ba su tsufa ba. Rashin kulawa ne yake kisa, ko ginin na jiya ne ko na shekara ɗari. Game da ambaliya kuma, mun yarda akwai wuraren da bai kamata mutum ya sake kwana ba, kuma wajibi ne a nema wa mazaunansu wuri mai tudu da diyya ta gaskiya. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a fake da ruwa a tashi talaka daga bakin kogi, bayan shekara biyu a ga otel ɗin mai kuɗi a filinsa.

TAKARDA BA TA TSARE BANGO

Wasu kuma suna cewa ai akwai hukuma. Gaskiya ne, dokar 1979 ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa. Amma ku tuna da Ilojo Bar a tsibirin Legas, gini irin na Barazil wanda aka ayyana shi abin tarihi na ƙasa tun 1956. Ranar 11 ga Satumba, 2016, aka rushe shi ƙasa. Shekara sittin yana cikin jerin gwamnati, jerin bai tsayar da katafila ba. Ku kuma dubi Zungeru, wadda ta riƙe mulkin Arewa duka, inda aka haifi Dokta Azikiwe a 1904. Yawancin abin da ya rage na wancan zamani kufai ne, gadar ƙafa ta Lugga ma an ɗauke ta an kai Kaduna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gini yana tsira ne sa'ad da akwai mutane a kusa da suke amfani da shi, waɗanda za su fito su tsaya in sun ji ƙarar injin da asuba.

LAIFI TUDU NE

Yanzu bari mu juyo gida, gama mun taka namu muna hango na wasu. Dattawa, ku gafarce mu, amma sai mun faɗa. Majami'u nawa na farko muka rushe da hannunmu, ba wanda ya tilasta mana, domin kawai ikilisiyar da take ƙetaren titi ta yi bene? Ɗakin sujada na ƙasa da kakanninmu suka gina da aikin gayya, mata suna ɗebo ruwa maza suna kwaɓa, mun ce abin kunya ne, mun share shi mun mai da wurin filin ajiye motoci. Mun fasa katangar mishan mun jera shaguna, har ba a gane ƙofar shiga. Ina rijistar baftisma ta farko? Ina littafin aure, da hotunan masu bishara na fari, da ƙararrawa, da takardar da sarki ko hakimi ya ba da fili? A wurare da yawa amsar ita ce gara ta cinye, ko suna cikin akwatin wani fasto da aka yi wa canji shekara ashirin da suka wuce.

Wannan ya fi yi mana illa fiye da kowa. Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu mun san zafin a kalli mutum a ƙasar kakansa a kira shi baƙo. Ranar da aka yi gardamar fili, ko ta maƙabarta, ko ta makaranta, ba za a tambaye mu yawan fankoki da tayil da muka sa ba. Za a tambaye mu tun yaushe muke nan, da me za mu nuna. Tsohon bango mai shekara tamanin da rijista mai sunayen kakanni shaidu ne da ba sa tsoro, ba a kuma saye su. Wanda ya rushe su ya kori shaidunsa da kansa kafin a shiga kotu.

Ku tuna da abin da ya sami Crowther. A ƙarshen rayuwarsa wasu matasan mishan Turawa suka zo bakin Kwara suka raina aikinsa, suka dakatar da ma'aikatansa baƙaƙe, ya rasu a Legas a ranar ƙarshe ta 1891 da baƙin ciki. Sai a 2014, shekara 150 bayan naɗinsa, Justin Welby, wanda yake Akbishop na Canterbury a lokacin, ya fito fili ya nuna tuba a kan abin da aka yi masa. An iya yin haka domin wasiƙu da rahotanni sun tsira. Da an bar su ga gara, da maganar masu raina shi ce ta tsaya.

Hanyar da ta fi ba ɓoyayyiya ba ce. A Wusasa kusa da Zariya, majami'ar Saint Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, bisa fasahar maginan Hausa, tana nan tsaye. Garin da ya rene Dokta R. A. B. Dikko, likitan Arewa na farko, da Janar Yakubu Gowon, bai ga ginin ƙasa abin kunya ba. Ikilisiya in ta yi girma, a gina sabo a gefe, a bar tsoho ya zama ajin Lahadi ko ɗakin addu'a ko ɗakin karatu. Da tsohuwar zuma ake magani.

ABIN DA MUKE NEMA

Ga hukumomin jiha da na ƙaramar hukuma: a shata iyakar tsohon garin Lokoja a taswira, a lissafta kowane gini da kabari da yake cikinta, a buga lissafin kowa ya gani. Kada a ba da izinin rushe komai a cikin iyakar sai an yi sanarwa an saurari mazauna unguwa. A fara da abin da mutanen ciki suke bukata, wato magudanar ruwa da fitilun titi da kwashe shara da ruwan famfo, gama ba a raya unguwar da mazaunanta suke neman hanyar gudu. A bar ciniki a cikin gari, a gyara rumfuna a inda suke, kashi-kashi, masu su na asali su koma cikinsu. A sassauta haraji ga mai gidan da ya gyara tsohon gini ya sa shi aiki.

Ga masu hali 'yan asalin garin da suke Abuja da Legas: kafin ku gina wani otel a bakin babbar hanya, ku dubi gidan kakanku.

Ga shugabannin addini na garin: kaburburan sarakuna da harabar Holy Trinity gadon gari ɗaya ne. Muna roƙon limamai da fastoci su zauna da fadar Maigari su kafa kwamiti ɗaya na sa ido. Wanda ya tsaya wa kabarin Sarki Alu yau, ya sami wanda zai tsaya wa Ƙarfen 'Yanci gobe.

Ga dattawan kowace ikilisiya da take karanta wannan takarda, ko tana nesa da Lokoja: kafin taron majalisarku na gaba, ku tattara rijistoci da takardun fili, ku ɗauki hotonsu shafi-shafi da waya, ku ajiye kwafi a wuri biyu, na asali kuma a akwatin ƙarfe sama da ƙasa. Ku aiki matasa wurin tsofaffin da suka rage su ɗauki muryarsu, su faɗi wanda ya ba da fili da waɗanda suka yi ginin. Ku sa layi ɗaya a kasafin shekara domin gyaran rufi kafin ruwan fari. Ku kuma yanke shawara a rubuce cewa ba fasto ko kwamitin gini da zai taɓa ginin farko sai dukan ikilisiya da majalisar gunduma sun amince. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa, in kun shirya tafiya ta gaba, ku sa Lokoja a ciki, ku kwana ɗaya, ku ci abincin cikin gari, ku biya ɗan jagora.

Mun san wasu za su ce muna da matsalolin da suka fi wannan, ga rashin tsaro ga tsadar abinci. Ba mu musa ba. Amma buhun siminti biyu da bandir ɗin kwano ɗaya a bana sun isa su tsare abin da miliyoyi ba za su dawo da shi baɗi ba, gama ginin da ya faɗi ana iya yin kamarsa, ba a iya mai da shi. Iyayenmu ba su da albashi, ba su da mota, duk da haka sun bar mana abin nunawa. Zai zama abin kunya a ce a zamaninmu, mu da muka yi karatu, gadon ya ƙare.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da hannun aiki. Amin.